Dodon Da Aka Ba Mu Tarihinsa: Abin Da Black Christmas Na 2006 Ya Nuna Mini A Rubutuna

Yau layi ya zo kaina, kuma a kan fim ɗin Turawa na ban tsoro zan yi magana. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da muke koyon rubuta labari da Hausa. Ku ba ni aron hankalinku, domin wannan fim ne ya fahimtar da ni wani gyara da aka yi mini, wanda na kwashe makonni ina jin haushinsa.

Watannin baya na karanta wani gajeren labarina a zaman wata-wata na ƙungiyarmu ta marubuta. Labarin 'yan mata uku ne da suka rage a hostal lokacin hutun ƙarshen shekara, kowa ya watse. Kullum ƙarfe biyun dare sai su ji ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ke kusa da nasu, daga ciki, alhali ɗakin a kulle yake da kwaɗo ta waje. Daga rayuwata na ɗauko shi. Lokacin da nake kwalejin kimiyya da fasaha na taɓa zama a hostal bayan an yi hutu saboda aikin kammala difloma, kuma na san yadda iskar hunturu ke buga tagogin ɗakunan da babu kowa.

Labarin shafi 14 ne. Daga shafi na 6 zuwa na 10 na sa kan magana da manyan baƙaƙe: WACE CE MAI ƘWANƘWASAR? Nan na zauna na zayyano haihuwarta, maraicinta, kishiyar uwar da ta azabtar da ita, da yadda ta rasu a wannan ɗaki. A ganina waɗannan shafuka biyar su ne mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa.

Da na gama, wata babbar yayarmu a ƙungiyar ta cire tabarau ta ce, "Ƙanwata, daga shafin farko zuwa na biyar tsigar jikina tashi take yi. Da kika ba ni tarihin yarinyar nan sai tausayinta ya kama ni. Da kika dawo da ni hostal ɗin kuwa, ko ƙofata ta ƙwanƙwasa buɗe mata zan yi in ba ta ruwa." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe. Na koma gida ina cewa a raina Anti ba ta gane labarin ba ne.

Cikin Disamba ƙanena ya karɓo fina-finai a wurin mai turi, a ciki akwai guda biyu masu suna ɗaya, Black Christmas, ɗaya na 1974 ɗaya na 2006. Na fara da sabon, washegari na kalli tsohon. Kafin in ci gaba, gargaɗi biyu. Fina-finan nan ba na yara ba ne, musamman na 2006 da ke cike da jini da abubuwan ƙyama. Sannan zan faɗi ƙarshensu duka, domin darasin ba zai fito ba sai da shi.

Turawa suna da wani rukuni na fina-finan ban tsoro inda makashi guda ke bin gungun matasa yana kashe su ɗaya bayan ɗaya da makami mai kaifi. Da yawa a cikinsu ana ɗaura su a kan ranar biki: Halloween na John Carpenter a 1978, My Bloody Valentine a 1981, Silent Night, Deadly Night a 1984. Dalilin a fili yake. Ranar biki ce mutane ke sakin jiki, ana taruwa a gida, ana buɗe wa baƙo ƙofa. Mu mukan ce tsoro na daji, kunya na gida, su kuma waɗannan fina-finai aikinsu shi ne su ɗauko tsoron daga daji su ajiye shi a tsakar ɗaki. Black Christmas na 1974, wanda Bob Clark ya ba da umarni aka ɗauka a Toronto ta ƙasar Kanada, ya riga duk waɗanda na lissafa.

Labarinsa ba shi da rassa da yawa. Gida ne na ƙungiyar ɗalibai mata a wata jami'a, ana shirin tafiya hutun Kirsimeti. Wani mutum ya hau ta bango ya shige ɗakin tarkace da ke can sama ƙarƙashin rufi. Daga nan sai wayar tarhon gidan ta riƙa ƙara, in an ɗauka a ji numfashi, batsa, kuka, da muryoyi daban-daban suna fita daga baki ɗaya: ta mace, ta namiji, ta yaro. Cikin surutan ana jin sunaye biyu, Billy da Agnes, da alamar cewa an taɓa yi wa wata jaririya wani mugun abu. Iyakar abin da aka ba mu ke nan. Har fim ya ƙare ba mu ga fuskarsa sosai ba, sai hannuwa, inuwa, da ƙwayar ido ɗaya tana leƙe ta tsagar ƙofa.

A ƙarshe Jess, wadda Olivia Hussey ta fito a matsayinta, ta kashe saurayinta Peter bisa zaton shi ne makashin. 'Yan sanda ma suka yarda da haka. Aka yi mata allurar barci, aka kwantar da ita, kowa ya fice. Kyamara ta bi baranda a hankali har ƙofar ɗakin sama, muka ji muryar nan tana nan. Gawar Clare, yarinyar da aka fara kashewa, tana zaune a kujera mai lilo a bakin taga, kanta cikin leda, 'yan sanda ba su taɓa hawa sun duba ba. Sai wayar ta fara ƙara. A haka aka rufe. Daren nan sai da na haska silin ɗin ɗakinmu da fitilar waya.

Bayan shekara 32 Glen Morgan ya sake shirya fim ɗin. Ba baƙo ba ne a harkar: yana cikin marubutan shirin The X-Files, kuma da shi aka rubuta Final Destination na 2000. Bob Clark da kansa yana cikin manyan furodusoshin sabon. Kamfanin Dimension Films ya sake shi ranar 25 ga Disamba, 2006, wato ranar Kirsimeti cur, abin da ya jawo ƙorafi daga wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka. Morgan ya ɗauki tambayar da tsohon fim ya bari a buɗe, wato wane ne Billy, wace ce Agnes, ya mayar da amsarta ginshiƙin nasa.

Bari in fara da abin da ya yi daidai, don yana da shi, kuma ba na son mu koyi sharhin da ba ya ganin alheri.

Na farko, fim ɗin yana da kyan gani. An yi amfani da fitilun ado na Kirsimeti, ja da kore da ruwan ɗorawa, sun rine kowane lungu na gidan, har kyan ya koma abin tsarguwa. Kiɗan kuma na Shirley Walker ne, wadda ta rasu a Nuwamban 2006 kafin fim ɗin ya fito, kuma an saka sanannun kaɗe-kaɗen bikin a wuraren da suke sa gaban mutum faɗuwa.

Na biyu, ya san amfanin kayan da ke cikin duniyarsa. Alewar nan mai siffar sanda da ake rabo lokacin bikin, Billy ya tsotse bakinta har ta yi tsini, da ita ya kashe mai gadi ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali. Ƙanƙarar da ta daskare ta yi tsini a bakin rufi, takalmin zamiya a kan ƙanƙara, igiyar fitilun ado, ƙololuwar bishiyar Kirsimeti, duk sun zama makamai. Wannan darasi ne kai tsaye. In labarinki a gidan biki yake, abin tsoron ya fito daga cikin kayan gidan bikin, daga tukunya da lalle da akwatin lefe. Ba sai an nemo bindiga daga wani gari ba.

Na uku, ya warware matsalar zamani da dabara. A 1974 wayar tarho ta gida ce ake kira, kuma wani ɓangare mai daɗi na fim ɗin shi ne ma'aikacin kamfanin tarho yana gudu tsakanin injuna yana bin layi, har aka gano daga cikin gidan ake kiran. A 2006 kowa na da wayar salula, wannan dabara ta mutu. Sai Morgan ya sa kiran yana shigowa daga wayoyin 'yan matan da aka riga aka kashe. Ki ga sunan ƙawarki a fuskar waya, ki ɗauka da murna, ki ji muryar da ba tata ba. Duk mai son sabunta tsohon labari ya lura da wannan: ya gano aikin da tsohuwar dabarar ke yi, ya nemo sabuwar da za ta yi aikin.

Na huɗu, ya girmama na gaba. Andrea Martin, wadda ta fito a matsayin ɗaliba Phyl a 1974, ita ce uwar gidan 'yan matan a 2006. Ledar nan ta dawo, kujera mai lilo ta dawo, idon da ke leƙe ya dawo.

To ina matsalar take? Tana cikin waiwaye. Fim ɗin ya riƙa tsayar da labarin daren yana komawa baya, tun daga 1970 da aka haifi Billy Lenz da ciwon hanta da ya mayar da fatarsa ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Uwarsa ta tsane shi. Ita da kwartonta suka kashe ubansa a kan idonsa, suka kulle shi a ɗakin sama shekara da shekaru. Ta ci zarafinsa ta hanyar da baki ba zai iya faɗa ba, aka haifi Agnes, wadda ƙanwarsa ce kuma 'yarsa. Ranar Kirsimetin 1991 ya sauko ya kashe uwar da mijinta, ya cire wa Agnes ido ɗaya. Gidan nasu ne daga baya ya zama gidan ɗaliban.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan sassa na waiwaye sun fi sauran fim ɗin tsaruwa. A nan ne ake jin darakta ya zuba zuciyarsa. Amma kowane minti da aka kashe a can, an cire shi ne daga tsoron da ake ginawa a nan. Da aka dawo da ni gidan 'yan matan, na riga na san sunan wanda ke cikin bango, na san launin fatarsa, na san abin da aka yi masa yana yaro. Ƙyama na ji, da ɗan tausayi, amma ban duba silin ba. Ina cikin kallo sai maganar Anti ta faɗo mini: buɗe mata zan yi in ba ta ruwa.

Mun saba cewa gani ya kori ji. A labarin ban tsoro kuwa, gani yakan kori tsoron ne gaba ɗaya. Billy na 1974 murya ce kawai, shi ya sa kowane mai kallo yake ƙera masa fuska da abin da shi kansa ya fi tsoro. Billy na 2006 mutum ɗaya ne mai fuska ɗaya, wadda mai kwalliya ya shafa wa fenti. Ku tuna Dodon tatsuniya. Kakanninmu ba su taɓa gaya mana garin su Dodo ba, ko abin da kishiyar uwarsa ta yi masa. Yana bakin rafi, yana jiran yarinyar da ta ƙi jin magana. Wannan ya ishe mu ƙin fita fitsari da dare.

Matsala ta biyu 'yar ta farko ce. Tunda an ba makashi lokacin, 'yan matan suka tashi a tutar babu. An tara sanannun 'yan wasa, Katie Cassidy, Michelle Trachtenberg, Mary Elizabeth Winstead, Lacey Chabert, amma kowace hali ɗaya tak aka rataya mata: wannan mai girman kai, wannan mashayiya, wannan mai tsiwa. Kwana biyu da kallo na kasa tuna wace ce ta riga wace mutuwa. Wadda ta ɗan yi nauyi ita ce Leigh, da Kristen Cloke ta fito, domin ta zo neman ƙanwarta da suka daɗe ba sa jituwa, wato tana da abin da ya kawo ta.

Ku gwada da tsohon. Jess tana da juna biyu, ta yanke shawarar ba za ta haihu ba, Peter ya ƙi yarda, suna ta rikici. An yi fim ɗin shekara ɗaya bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1973 a kan zubar da ciki, lokacin da maganar ke da zafi. Ko me mutum yake gani game da shawararta, rikicin na gaske ne, kuma yana yi wa labarin aiki: mai kiran ya maimaita wata magana da Peter ya faɗa mata su biyu kaɗai, shi ya sa ita da 'yan sanda suka zarge shi. Ga Barb, da Margot Kidder ta fito, mai baƙar magana da shaye-shaye, amma tun farko mun ji ta a waya uwarta ta fasa yin hutu da ita, sai muka gane inda ciwon yake. Ga mahaifin Clare, dattijo mai sanyin hali, yana tsaye cikin sanyi yana jiran 'yar da mu mun san tana sama a kujera. Tarihi yana nan a tsohon fim, amma na waɗanda za a rasa ne, kuma a cikin jimla ɗaya ko biyu ake ba da shi ana tafiya.

Matsala ta uku ita ce yawa. Cire ido sau ɗaya abin firgici ne. In aka yi ta maimaitawa sai ya koma kamar aikin mahauci. A 1974 an kashe Barb da wani ɗan mutum-mutumin doki mai ƙaho na gilashi, a daidai lokacin da yara ke rera waƙoƙin Kirsimeti a bakin ƙofa, Jess tana tsaye tana saurarensu, ba ta jin ihun da ake yi a sama. Jinin da aka nuna kaɗan ne, amma wurin ya zauna mini. Sabon kuwa bai yarda ya ƙare a gidan ba, sai da ya bi waɗanda suka tsira har asibiti, aka kashe Agnes da na'urar farfaɗo da zuciya, Billy ya faɗo ya tsire a kan bishiyar Kirsimeti. An rufe kowace ƙofa, an kashe kowane dodo, mai kallo ya tafi ya yi barcinsa.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk laifin na Morgan ba ne. An sake ɗaukar ƙarshen fim ɗin, akwai ƙarshe fiye da ɗaya da aka yi masa, kuma tallan da aka nuna kafin fitowarsa yana ɗauke da wasu wurare da babu su a cikin fim ɗin sam. Hannaye da yawa sun shiga tukunyar. Sannan yayin lokacin ne: a 2006 aka yi fim a kan asalin makashin Texas Chainsaw Massacre, a 2007 aka yi na ƙuruciyar Hannibal, a shekarar kuma Rob Zombie ya sake Halloween ya ba Michael Myers dogon tarihin yarinta. Kowa yana ta bayyana dodonsa.

Mu ma muna da namu yayin. Duk mai karanta littattafanmu na intanet ya san wurin nan da ake tsayar da labari a rubuta ASALIN LABARIN ko WACE CE WANCE, a koma kan kakanni, a lissafo matan gida da 'ya'yan kowace, shafi goma kafin a dawo. Ba na cewa a daina waiwaye. Waiwaye adon tafiya ne, kuma a labarin gado ko rikicin zumunci wani lokaci shi ne tafiyar ma. Abin da na koya shi ne in tambayi kaina me nake so mai karatu ya ji a wannan shafi, sannan in duba ko bayanin da zan ba shi zai ƙara wannan ji ko zai kashe shi. Ni tsoro nake nema, na ba da abin da ke haifar da tausayi, kuma na ba da shi a tsakiya, daidai inda igiyar ta fara ɗaurewa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yarda cewa shafukan da na fi so su ne suka kashe labarin. Da marasa kyau ne da cire su bai zama aiki ba. Na yi kwana uku ina buɗe fayil ɗin ina rufewa. Daga ƙarshe na kwashe shafuka biyar ɗin na ajiye su a wani fayil daban, domin na lura labari ne mai zaman kansa, na marainiya da kishiyar uwa, kuma wataƙila wata rana in rubuta shi a matsayinsa. A cikin labarin hostal abu biyu kawai na bari daga tarihinta: wani suna da aka kankare da ƙusa a jikin ƙofar, da tsohuwa mai shara da ba ta taɓa share gaban ɗakin, in an tambaye ta sai ta canza magana.

Wurin da ya samu kuma na ba 'yan matan uku. A da ban ma faɗi dalilin da ya hana su tafiya hutu ba. Yanzu ɗaya ba ta da kuɗin mota kuma kunya ta hana ta faɗa, ɗaya tana gudun auren da ake shirya mata a gida, ta ukun ta faɗi jarrabawa ba ta san yadda za ta kalli mahaifinta ba. Kowace tana da abin da ya sa komawa gida ya fi mata ƙwanƙwasar nan wuya, shi ya sa ba su gudu tun daren farko ba, tambayar da a da ba ni da amsarta.

Labarin ya dawo shafi 11. Na tura wa Anti ta WhatsApp da daddare, na rubuta mata, "Anti, ga shi na taɓa shi kaɗan." Ba ta ce komai ba sai da safe, ta turo saƙon murya tana cewa, "Ke, Allah ya shirye ki, da fitila na kwana." Sai kuma ta ƙara da cewa ƙarshen ya yi gaggawa, kuma ta ukun har yanzu ba ta da murya tata, duk maganarta irin ta ta farkon ce. Na duba na ga gaskiyarta. Wannan gyaran nake kai yanzu, kuma wannan karon ban yi fushi ba.

Wanda zuciyarsa za ta ɗauka, ya kalli fina-finan biyu a jere, amma ya fara da na 1974, kada ya yi irin kuskurena. Wanda ba zai iya ba, ga aiki mafi sauƙi: ɗauko labarinka na ƙarshe, nemo wurin da ka tsaya ka yi bayanin asalin wani, cire shi, ka karanta abin da ya rage da babbar murya. In labarin ya rushe, mayar da shi. In kuwa ya tsaya da ƙafarsa, ka san abin yi.